Bindigar da Ta Ƙi Tashi a Cikin Harami

Jama'a, na rantse da Allah wannan abu da ni ya faru, shekarun da nake aikin walda a unguwar Mansur, cikin Makka. Maigidana Baba Sale, Bahaushe haifaffen can, yana da wata tsohuwar bindiga ta kakansa rataye a bango, da takardarta, irin wadda tuni aka daina ƙera harsashinta, uku kacal suka rage masa a gwangwanin shayi. 'Ya'yansa suka matsa masa wai tarkace ce, a rabu da ita. Tsohon ya damu ƙwarai, ya ce idan ta yi ƙarya a gabansu ya haƙura.

Ni kuwa ɗan maharba, ga baki, na ce a ba ni ita, zomo ko a guje yake sai ya sha ƙasa.

Ranar Juma'a da hantsi muka fita bayan gari mu huɗu, ni da Baba Sale da 'ya'yansa biyu. Kun san ba a farauta a cikin Harami, to ni na yi zaton mun wuce iyaka. Na yi gaba ni kaɗai, sai ga zomo zaune taki hamsin, na saita, na ja kunama, ƙas! Na sake ja, ƙas! Zomon har da sosa kunne, kunya ta kama ni.

Sai na ji murya a bayana: "Yaro, 'Yar Baƙa ba ta ɓarna a gidan aminci. Wuce dutsen can." Wani tsoho ne dogo da farar jallabiya, Hausarsa irin ta mutanen da. Kafin in sauke bindiga in gaishe shi, babu kowa, fili fetal, ko sawu babu a yashin.

Da sauran suka iso muka wuce dutsen, sai ga alamar iyakar Harami. Babban ɗan ya ajiye gwangwanin lemo taki ɗari biyu yana dariya: "Yalla, maharbi!" Harsashin nan dai da ya ƙi tashi, daram! Gwangwani ya yi sama, tsakiyarsa a huje. Baba Sale har da rawa.

A mota na ce, "Baba, ashe 'Yar Baƙa sunanta?" Murmushinsa ya ɗauke. Ya ce rabonsa da jin sunan nan tun ranar da aka binne kakansa, ko 'ya'yansa bai taɓa gaya wa ba.

Har na baro Makka tana nan a bango, da harsashi biyu, ba mai zancen yar da ita. Ni kam har yau tsigar jikina tashi take. In kun je ƙasar mutane, ku tambayi iyaka kafin ku ɗaga hannu.