Shekarar da Muka Shayar da Jirgin Baba

Wata Alhamis ce a farkon bazara, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Tasowata daga makaranta ke nan, ko ruwa ban sha ba, Inna ta ɗora mini tulu ta ce in gangara tabki in ɗebo na wanki. Da na isa sai na tarar da Baba tsaye cikin ruwa, wando a naɗe, ya zuba wa wani abu baƙi ido. Na ɗauka kada ne, har na buɗe baki zan ƙwala ihu, sai na ga ashe hancin jirginmu ne ya leƙo sama. Ban taɓa ganin haka ba. Kowace shekara idan ruwa ya ja baya aikin fito ya tsaya, Baba yakan nutsar da jirgin a tsakiyar tabki ya danne shi da duwatsu, ba mai sake ganinsa sai damina ta kankama. Na ce, "Baba, mi yah hiddo shi?" Bai ko waiwayo ba ya ce, "Ba shi yah hito ba, Hajo. Ruwa na yab bar shi."

Ƙauyenmu yana gefen fadama, can wajen Kwargaba, kuma Baba shi ne mai fiton wurin. Da rani manomin albasa ne kamar kowa, amma da zarar gulbin Rima ya cika ya malale fadama, duk mai son zuwa kasuwa ko asibiti ko gonar ƙetare sai ya biyo ta hannunsa. Jirgin gado ne daga kakanmu. Gungumen maɗaci ɗaya aka sassaƙa, babu haɗi babu ƙusa, kuma ya yi tsawon da ni da ƙawayena mukan jera a ciki har da saura. Irin wannan icce ba ya shiri da rana. In ya bushe sai ya tsage, in kuwa ya tsage daga kai har gindi, to ya tashi daga jirgi ya koma makamashi. Shi ya sa ake ɓoye shi a ruwa. Tabkin namu ba ya ƙafewa, domin akwai wata ƙorama da ke jawo masa ruwa daga gulbi ko da tsakiyar rani, tunda ana sako ruwa daga madatsar Goronyo. To, daminar da ta wuce an yi ambaliya, ta kwaso rairayi ta cika ƙoramar maƙil. Tabki ya rabu da gulbi, kullum rana tana shan rabonta.

Ba wai ba a san da maganar ba. Tun lokacin sanyi wasu ma'aikata suka zo da sanduna masu zane, suka auna ƙoramar, suka ce gwamnati za ta aiko da katafila ta yashe ta. Muka yi murna, har maza suka raka su bakin mota da kwandon albasa. Daga nan kuma shiru. Duk wanda ya je ofishinsu a Wurno ya dawo, amsar ɗaya ce: aikin yana nan, kuɗinsa ne ba su fito ba. Abin da ya hana Baba barci shi ne lokaci. In ruwan farko ya sauka fadama za ta zama taɓo, babu katafilar da za ta shiga, sai kuma baɗi, jirgi kuwa ba zai kai baɗi ba. An yi gayya da shebur da kwanduna, amma in an kwashe rairayi da safe, kafin la'asar gefe ya zubo ya mayar, ga shi kuma kowa hankalinsa na kan cirar albasa da zuba ta a rudu, wato rumbun ajiyarta. Wasu suka ce a ɗaura wa shanu su ja jirgin zuwa gulbi. Baba ya ce tsoho ne, in aka ja shi bisa tudu wannan nisa, a hanya zai buɗe.

Da ruwa ya ƙara janyewa bayan jirgin ya fito fili, sai aikin ya faɗo kaina, don ni ce babba a ɗakinmu kuma Baba yana gona. Ya kafa masa rumfar zana, ya lulluɓe shi da tsofaffin buhunan algarara, ni kuwa nawa in riƙa jiƙa su. Kafin in tafi makaranta in zuba, in na taso in zuba, da la'asar in zuba. Wallahi da farko na tsani aikin nan! Ina jiyo tafin gaɗa daga dandali, ni ina nan da ƙwarya ina shayar da icce kamar jariri. 'Yan ajinmu suka laƙa mini suna, wai Uwar Jirgi. Ni kuwa da ma bakina ba ya kwana da bashin magana, duk wadda ta faɗa sai in ce to da damina ta yi iyo zuwa kasuwa. In na kai ƙara gida, Inna ba ta ko ɗago kai daga turmi sai ta ce, "Tuwon da kika ci jiya, shi yak kawo shi. Tahi ki ba shi ruwa."

A hankali kuma sai na saba da shi. Na san inda hannun kakanmu ya goge bakinsa har ya yi santsi, na san wurin da ɗan maraƙi ya taɓa kartarsa da kofato. Idan na zuba ruwa bisa buhun da ya yi zafi, wani ƙamshin icce da laka ne ke tashi, har yau in an yayyafa wa tsakar gida ruwa sai in tuna shi.

Akwai wani maƙwabcinmu Bafulatani, Bappa Sambo, wanda shanunsa a tabkin nan suke sha tun kafin a haife ni. Wata Asabar da hantsi ya koro garken, ya tarar da ni ina kwarfar ɗan ruwan da ya rage. Ya tsaya ya rataya sanda a wuya, ya dubi ruwan, ya dubi jirgin, ya dubi shanun da ke ta kutsawa. Can sai ya yi musu irin kiran nan nasu, ya juya su. Tun daga ranar gulbi yake kai su, cikin wannan rana mai ƙona ƙafa, har wasu suka rame. Da Baba ya je ya yi masa godiya, ce masa ya yi, "Malam, jirgin ga shi ka ƙetare da matanmu da nononsu. Nawa na kamar yadda yake naka."

Duk da haka tabkin ya ƙafe. Ƙasa ta tsattsage, tarwaɗa ta shige laka, muka koma ɗauko ruwa daga gulbi a kan jaki. Wata azahar ina tsugune a inuwar rumfa sai na ji ƙara, tas! Na ɗaga buhu da sauri, na ga tsaga a cikin jirgin, siririya, tsawonta ya kai hannuna. Na ruga gona ina kuka. Baba ya zo ya sa yatsa ya bi ta daga farko har ƙarshe, ranar kuwa bai iya cin abinci ba. Gabas kuma ta fara haɗa hadari da yamma-yamma, manoma suna murna, mu gidanmu gaba na faɗuwa.

Sai ga katafila. Muna cikin aji muna maimaita lissafi muka ji ƙasa tana rawa, malaminmu da kansa ya fara leƙawa taga, kafin ya waiwayo babu kowa a benci. Wata doguwar mota ce ta goyo ta. Kai, jama'a! Ni dai a rayuwata ban taɓa ganin abu mai girma yana motsi haka ba. Rawaya ce, ba ta da taya, bisa sarƙa take tafiya, ga hannu guda ɗaya dogo ya fi ginin masallacinmu tsawo. Ta sauko da kanta, ta nufi fadama, gari duka na biye da ita, tsofaffi suna salati, awaki suna tsere. Matuƙin wani ɗan siririn mutum ne da tawul a wuya, na yi ta mamakin yadda wannan ƙaton abu yake jin maganarsa. Ta miƙa hannu ta caka a rairayi, ta ɗebo abin da gayyarmu ta yini tana kwasa, ta juya ta zubar a gefe kamar mace na zubar da dusa. Wata tsohuwa kusa da ni ta riƙe haɓa ta ce, "Wagga aba ba ta gajiya?" Kwana da kwanaki tana ci, daga bakin tabki tana nufar gulbi, mu kuwa in an tashi makaranta can muke yini, mata suna aika wa matuƙin fura. Hadari yana ta matsowa, shi ma yana ta duban sama yana ƙara wuta.

Ranar da ta kai gulbi, matuƙin ya aiko a ce kowa ya fita daga ramin. Ta cire shingen rairayi na ƙarshe, ruwa ya tsaya jim kamar yana shawara, sannan ya shigo. Ja ne, yana tura kumfa da kara a gabansa, busasshiyar ƙasa tana cuu tana shanye shi, yana ƙara tahowa. Muka bi shi da gudu ta gefe muna ihu har bakin tabki. Na ga ya taɓa gindin jirgin, ya kewaye shi, ya ɗaga shi sama. Mata suka rangaɗa guɗa. Amma guɗar ba ta ƙare ba ruwa ya fara bulbulowa ta tsagar nan, jirgin ya cika muna kallo, ya zauna ƙasa, ruwa ya rufe shi. Na ji duk wahalata ta tafi a banza, na faɗi a laka ina birgima, ba ruwana da wanda ke kallo. Samari suka tuɓe riga za su shiga su ciro shi, Baba ya ɗaga hannu. "Ku bar shi," in ji shi. "Ƙishirwa gare shi. Ku bar shi ya sha."

A daren ranar aka yi ruwan farko, katafila ta fita daga fadama da ƙyar.

Bayan wasu kwanaki Baba ya tashe ni da sassafe ya ce in ɗauko ƙwaryata. Shi da Bappa Sambo suka shiga suka ɗago bakin jirgin, muka yi ta kwarfa har ya yi fayau ya hau kan ruwa. Muka tsaya muna jira ya sake cika. Bai cika ba. Na shiga na durƙusa ina laluben tsagar, da ƙyar na gano ta: iccen ya sha ya kumbura ya haɗe bakinsa da kansa, ko ɗigo ba ya shigowa. Na dubi Baba, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ya ɗauki gwangwalar tuƙi ya ce, "Zamna da kyau, Uwar Jirgi. Ke za ni hwara ƙetarewa." Ya tura mu cikin sabuwar ƙoramar, tulin rairayi dama da hagu ya fi kaina tsawo, har muka fito sararin gulbi. Ni kaɗai ce fasinja, kuma ban ƙara jin haushin sunan nan ba.

Jirgin ya ƙara shekaru masu yawa yana aiki, har bayan na yi aure na koma Rabah. Amma rairayi ba ya daina zuwa. Ƙoramar ta sake cikewa, aka sake aunawa, aka sake jiran kuɗi, wannan karon damina ta riga katafila. Da rani ya zagayo tabki ya ƙafe, jirgin ya tsage daga kai har gindi, Baba ya sa aka kawo shi gida a amalanke, ya jingine shi a bayan ɗakinsa, ya hana kowa ya sa masa gatari ko da itace ya yi wuya. Yanzu in na je gida a kan babur nake ratsa inda ƙoramar take, albasa ce shuke a ciki, yaran da ke ban ruwa ba su san jirgi ya taɓa bi ta nan ba.

Ranar da Baba ya rasu, ina zaune cikin mata na ji saran gatari a bayan ɗaki. Ƙanena ne yake fasa jirgin, don a samu iccen rufe kabari. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, amma na leƙa ta zana na ga an fita da Baba da iccen jirgin tare. Hankalina ya kwanta da ba shi kaɗai ya tafi ba.