Ranar da Inna Ta Ɓoye Shinkafarta

Shekarar da gwamnati ta ce za ta fitar da sabon tsarin gidaje, ta kuma yarda a karon farko ta zauna da masu sana'ar, an sa ni a kwamitin. Ni mai zanen gine-gine ce, kuma ni ce ƙaramarsu. Akwai injiniyoyi, akwai wakilin magina, sai shugabanmu, wani dattijo mai tsara birane wanda ba ya dariya sai da dalili.

Rigimata da su ɗaya ce: tsakar gida. Zanen da aka kawo mana na gidajen manoman rani ɗakuna ne a jere da ɗan fili kamar faifai. Na ce a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, tsakar gida ita ce masana'anta, a nan mata ke turara shinkafa, a nan suke shanya ta. Wani injiniya mai son musu ya ce kishin gida ne kawai yake ɗibata. Da na ga za a amince da zanen a haka, na ce su zo su gani da idonsu.

Na buga wa Inna, mahaifiyata, waya na ce baƙi za su zo daga gwamnati duba gidaje. Ita kuwa a saninta, mutumin gwamnati da ke shiga gida ya duba, duba-gari ne. Kafin mu iso labari ya zaga unguwa.

Muka yi sallama muka shiga. Gidan da na tashi ina tsallake shanya kafin in kai bakin rijiya, ga shi an share shi tas, har an yayyafa ruwa. Babu duron turara, babu tamfol, babu itace, awakin ma an kai su maƙwabta. Inna ta ci ado tana zaune a kan tabarma kamar wadda ba ta taɓa taɓa shinkafa ba.

Injiniyan ya waiga hagu da dama, ya ce mini, "Hajiya, ai filin nan ma ya yi yawa."

Na ji kamar in nutse. Aka kawo kujeru da fura, aka shiga gaisuwa. Sai dai na lura Inna tana amsawa ne rabi da rabi, tana ɗaga kai tana duban rana, tana satar kallon ƙofar ɗakin ajiya. Shinkafar da ta turara da asuba ce a ciki, a jiƙe, cikin buhuna. In ba ta sha rana ba a ranar, tsami za ta yi.

Can ta miƙe ta gyara ɗaurin zani. "Alhaji, ku gafarce ni," ta ce wa shugabanmu. "In tara ce a ci ni, amma wallahi ba zan zauna ina kallo shinkafata ta lalace ba."

Ta ƙwala wa matan gida kira. Nan da nan aka fito da tamfol, aka zazzage buhuna, tururi na tashi. Aka ce baƙi su ɗan matsa, suka matsa. Aka ce su ƙara. Maƙwabta da suka ji Inna ta fasa ɓoyo, su ma suka fito da tasu. Kafin a jima manyan ƙwararrun nan suna manne da katanga, kowa rungume da kujerarsa, injiniyan kuwa a kan turmi ya sami wurin tsayawa.

Dattijon nan ya yi dariya har da hawaye. Ya cire takalmi, ya taka shanyar daga wannan gefe zuwa wancan yana auna ta da ƙafa, ya dube ni ya ce, "A sake zanen. Ke za ki yi."

A mota ban iya rufe baki ba don murna. Muna wuce Kura wayata ta yi ƙara, Inna ce, muryarta a sanyaye.

"Na ba ki kunya a gaban manyanki ko?"

Na ce, "Inna, yau ke kika fitar da ni kunya."