Adireshin da Ke Jikin Kalanda

A shekarun da Shari'a ta kankama, aka hana mata hawa acaɓa, zance ma ya koma gaisuwa a tsaitsaye, wani malamin makaranta ɗan Kabo ya buɗe mini shafi a intanet. Sunan da yake kirana da shi, wanda ko Innata ba ta sani ba, shi ya raɗa wa shafin. A can yake zuba mini wasiƙu. Duk ranar kasuwa sai in shiga kafe, shagon intanet a Gwarzo, ɓangaren mata bayan labule, in karanta ina jin kaina kamar yarinyar cikin littattafan da nake haya.

Bayan shekara biyu ya ɗauke ƙafa. Wata ƙawata ce ta kawo mini kalandar bikinsa: ga shi ga amarya, a ƙasa kuma adireshin shafina. Na je na duba. Wasiƙuna ne, kwanan wata kawai ya goge. Har sunan ya ba ta.

Abin da ya manta, ranar rajista imel ɗina ya bayar, don ba shi da nasa. Ni aka turo wa sanarwa cewa wa'adin sunan shafin ya kusa cika, in ba a sabunta ba kowa na iya saye. Sau uku tana zuwa, ban sanar da shi ba.

Na sami mai kafe, wani dattijo mai tabarau.

"Ko ya cika sai kin jira, 'yata," in ji shi. "Ana ɗaga wa mai shi ƙafa. Wace haja za ki kasa a ciki?"

"Ba haja ba ce, Baba. Kayana zan karɓo."

Na jira fiye da wata biyu. Rayuwa ta yi tsada, amma na sayar da kajina ban ji ciwo ba. Ranar da sunan ya faɗo kasuwa, da katin bankin dattijon muka kama shi. Na mayar da wasiƙun, kowace da kwanan watanta kamar yadda na kwafe a littafina. A sama na rubuta: Zuwa ga 'yar Gwarzo.

Ba a yi sati ba malamin ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Muka gaisa har da tambayar amarya.

"Don Allah ki sauke," ya ce. "Kalandar nan har a ɗakin surukata tana rataye."

"To Malam, kalandar za ka bi gida-gida ka sauke. Suna dai nawa ne."

Har yau ban taɓa bari wa'adinsa ya cika ba.