Sun Goge Lambar Yaya Saboda Fenti

Makonni uku da suka wuce, shugaban tashar lodi ta bakin kasuwa ya sa aka goge lambar motar yayana daga allon layi. Shekara ashirin da biyu lambar nan tana kan allon. Laifinsa kawai a-kori-kurarsa ba ta da sabon fenti.

Bari ku san wanda aka yi wa haka. A gida Yaya muke ce masa, a tasha kuwa Likita, alhali bai taɓa aikin asibiti ba. Kullum da safe kafin ya karya, sai ya tayar da motar, ya buɗe bonet, ya ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Idan ka yi masa magana a lokacin, hannu zai ɗaga maka. Da kunnen nan yake gane filogin da ya fara gajiya tun kafin mota ta yi tari.

Da can dako yake yi da kafaɗarsa. Motar kuwa wani gidan burodi ne suka yasar da ita a bayan tanda, ya saye ta, aka jawo ta da igiya har ƙofar gida. Mahaifiyarmu ta leƙo, ta ƙare mata kallo, ta ce, “To, an kawo gawa. A ina za a binne ta?” Wata bakwai yana kwance a ƙarƙashinta. Ranar da ta tashi, tsohuwar nan ce ta fara shiga gaba, ta kuma ƙi fitowa sai da aka zaga unguwa da ita sau biyu.

Tun daga nan bai bar ta ta huta da gyara ba. Ya ƙara wa sifirin na baya, ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, falle ɗaya. Ya shimfiɗa katako a bodi, ya bi shi da robar tsoffin tayoyi da ya yanka da hannunsa, don kada kaya su riƙa tsalle. Ya kai ta wurin mai walda aka yi mata ƙarafan rumfa, ya ɗinka tamfol. Birki kuwa ba ya jira ya yi ƙara. Amma ƙofar dama shuɗiya ce, ta wata mota, bonet ja, sauran jiki kuma Allah kaɗai ya san launinsa na asali. Ni da kaina na sha ce masa, “Haba Yaya, ko ɗan fenti ka shafa mata mana.” Sai ya ce, “Ke, fenti yana ɗaukar kaya?”

Da aka yi sabon shugaba, sai ya ce tasha tana bukatar kyan gani, za a duba motoci. Dubawar ita ce shi da ’yan kwamitinsa su zaga mota hannu a baya. Duk wanda ya ji labari da wuri ya ruga ya fesa fenti a kan tsatsa. Da suka iso wurin Yaya, shugaba ya taɓe baki.

“Likita, wannan taka tana zubar mana da mutunci.”

“Ranka ya daɗe, a buɗe bonet mana, a leƙa ƙasa.”

“Bonet ɗin me? Ba mu da ido ne?”

Nan take aka sa tsumma aka goge lambarsa. Bai yi faɗa ba, ni ce ma na yi a madadinsa har muryata ta dishe. Shi dai ya ja motarsa ya tsallaka titi, ya faka ƙarƙashin wata bishiya. Kwana huɗu ko kwali bai ɗauka ba. Matarsa ta ce abinci ma sai ya juya cokali ya ture.

A rana ta biyar wata dattijuwa mai gidan kaji, wadda Yaya ya shekara goma yana kai mata ƙwai kantuna, ta zo tasha. Aka ce sai dai ta ɗauki mai layi. Mai layin kuwa wani ne da ake kira Ɗan Gayu, motarsa rawaya sai sheƙi take, amma sifirin ɗinta ya daɗe da mutuwa. Aka loda kiret arba’in. Kafin su wuce ramukan bakin gada, ƙwai ya fara ɗiga ta ƙofar baya.

Matar nan ba ta yi ihu ba. Ta sa aka juyo da motar tasha, ta ɗauko kiret guda yana zuba, ta shiga ofishin shugaba, ta dire masa a kan tebur.

“Ga fenti na kawo maka, shugaba. Rawaya ne, irin wanda kake so.”

Daga nan ta tsallaka titi. “Likita, tashi ka ɗauki abin da ya rage. Ni da layin nan har abada.”

Washegari mai sayar da gilashin taga ya bi sahunta. Sai mai tayil, sai mai kwanukan tangaran. Yanzu duk mai kayan da ke fashewa, gindin bishiyar nan yake zuwa, har jiran Yaya ake yi ya dawo. Jiya ma na ga Ɗan Gayu ya lallaɓo yana sosa ƙeya, wai a saurara masa injinsa. Yaya ya ɗauko sukudireba ya saurara masa. Da ni ce, wallahi da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Sai dai har yau ba a barinsa ya shiga da mota ƙofar kasuwa. Mutum mai shekara sittin, gwiwarsa na ciwo, shi ke tsallako babban titi da gilashi a kafaɗa, manyan motoci na wucewa ta gabansa da bayansa.

Shugaba, kai da kwamitinka nake magana. Ku mayar da lambarsa kan allo a gurbinta, ba can ƙasa ba. Ku buɗe masa ƙofa gobe da safe. Sannan ku sake duba motocin nan ɗaya bayan ɗaya, a gaban masu kaya, bonet a buɗe, wani ya kwanta ya leƙa ƙasa. A fara da taka motar.