Mai Shinkafar Roba Ya Shiga Kicin

Haƙorina na gaba, wannan da ya fi 'yan'uwansa fari, aikin likita ne. Na asalin na baro shi a cikin tsokar kaza a gidan maƙwabcina Kuwahara Teruo, shekara shida da suka wuce. Aron tsani ya kai ni, na tarar da kwano a kan tebur, shinkafa da kaza, ƙwai yana ta sheƙi, ɗaki ba kowa. Na duba hagu, na duba dama, na kai baki. Ashe roba ce. Har yau tsofaffin layinmu a nan garin Gujo na ƙasar Japan in sun gan ni sai sun tambaya ko na ƙoshi.

Sana'ar Kuwahara ke nan. Shekara arba'in da ɗaya yana ƙera abincin roba, irin wanda gidajen abinci ke jerawa a gilashin ƙofa don su ja mayunwata. Yana ɗan sha takwas ya fara, tun ana yi da kaki irin na kyandir. Oyakodon kuwa, wato shinkafar nan da ake lulluɓewa da kaza da ƙwai, ya ce ya ƙera fiye da dubu tara, akwai ma nasa a Osaka da ya shekara ashirin a rana bai koɗe ba. Amma ƙwai na gaske bai taɓa fasawa ba. Matarsa Fumie ke girki, shi nasa ya zauna ya ƙura wa kwano ido ya ce albasar ta karkace.

Farkon bazarar bana Fumie ta zame a bakin magudanar ruwa tana wanke ganye, ta karye a hannun dama. 'Yarsu Harumi ta zo daga Nagoya, ta tarar kwana huɗu taliyar kofi suke ci, a gidan da ko'ina ka waiga abinci ne.

Ta ce, "Baba, ran Lahadi zan dawo. In ba ka iya dafa wa Mama ko abu ɗaya ba, da ita zan tafi. Kai ka zauna da robarka."

 Kuwahara dai ya san in Fumie ta hau benen Harumi, ta ji ɗumin jikoki, sai dai ya riƙa jin muryarta a waya. Ya zaɓi oyakodon, wai ai ya san shi ciki da waje.

Fumie ta zauna a kujera da hannu a rataye, ta zama malama. Ni aka kira ɗanɗano, ta ce tunda gari ya shaida ba na zaɓe.

Ranar farko ya kaɗa ƙwai har ya yi kumfa.

"Baban Harumi, fenti kake haɗawa? Sau biyar kawai. Bar fari da kwaiduwa kowa da kamanninsa."

"Launin ba zai daidaita ba."

"To wa ya ce maka launi zan ci?"

Rana ta biyu ya zuba romon kifi da ruwan waken soya a wani ɗan kasko mai mariƙi a tsaye, ya sa albasa, ya sa kaza, ya zuba ƙwai, duk daidai. Sai ya zaro matsefata, ɗan hantsakin aikinsa, daga aljihu ya shiga jera naman ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya gamsu, ƙwan ya koma tafin takalmi. Fumie ta ƙwanƙwasa shi da cokali ta ce, "Wannan ma zai shekara ashirin a Osaka."

Abin da ya gagare shi shi ne saukewa. Ana sauke kaskon ne ƙwan yana rawa, zafin shinkafa ya ƙarasa shi. Shi kuwa a wurin aiki duk abin da ya motsa bai bushe ba, wuta ake mayar da shi. Sai ya tsaya da murfi a hannu kamar an ce ya sa hannu a takardar ƙarya.

"Bai gama ba fa."

"Zai gama a kwano. Sauke."

"Ki ba ni minti ɗaya."

"Minti ɗayan nan shi zai kai ni Nagoya."

Ran Lahadi Harumi ta iso da akwati babu komai a ciki, ta ajiye shi bakin ƙofa inda uban zai gani. Kuwahara ya kunna wuta. Ya zuba rabin ƙwai, ya rufe, ya buɗe, ya zuba sauran. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, babu matsefata. Ya waiga, ya hango bakin matsefatar yana leƙowa daga ƙyallen da Fumie ta rataye hannu. Suka haɗa ido. Ya ja numfashi, ya kashe wuta, ya zame ƙwan kan shinkafa, ƙwan na rawa.

Ban taɓa ganin kwano mai muni haka ya fita daga hannunsa ba. Nama ya taru gefe guda, romo ya ɓata baki. Fumie ta riƙe cokali da hagu, ta ci har ta kankare ƙasa. Harumi ta ɗanɗana na biyu ta ce gishiri ya so ya yi yawa.

Uwar ta ce, "Haka nake son sa yanzu."

Harumi ta dubi uwar, ta dubi uban, ta ɗauki akwatinta da yatsa biyu ta mayar mota. Ta ce za ta dawo bayan sati biyu, kuma a lokacin tana son ganin miya.

Ni aka miƙo wa na uku. Na juya kwanon, na yi irin kallon da yake wa girkin matarsa, na ce, "Dattijo, gaskiya wannan in aka sa shi a gilashi, gidan abincin rufewa zai yi. Albasar ma ta karkace."

Bai ko ɗago daga wanke kasko ba ya ce, "Ci ka yi shiru. Mai kyan ai ka taɓa ci, mun ga abin da ya bar maka a baki."