Madacin da na kashe

Ku matso kusa, ku ba ni kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, ni ce a ciki.

A bayan ƙauyenmu, wajen Balan, madaci ɗaya ya rage. Uwar mijina ce ta koya mini ɗibar sassaƙensa: faɗin tafin hannu daga gabas, faɗin tafin hannu daga yamma, a yi bisimilla, a shafe raunin da laka. Ba a zagaye shi da sara.

Shekarar da ciwon ciki ya yi yawa, mata suka yi ta sallama a ƙofata, har daga Ajingi. Daɗin a ce ni ce mai magani ya ɗebe ni. Na ɗauki gatari na feɗe madacin kaf, na cika buhu. Kafin wata damina ya bushe a tsaye.

Mai unguwa ya tara jama'a. Aka ɗora laifin a kan wani Bafulatani da ke saro wa shanunsa ganyen da rani. Matarsa ƙawata ce. Ina laɓe bayan danga, buhun yana ƙarƙashin gadona, na yi shiru. Suka tashi da rugarsu.

Bara jikata ta haihu, ciki ya murɗa mata, ta ce sai jiƙona take so. Itatuwan karkararmu kuwa duk sun zama gawayi. Aka ɗauke ni a babur zuwa dajin da hukuma ta keɓe, inda ba a sara, ba a sa wuta. Ga madaci, ga hano, ga sanya, ga tsuntsayen da na manta kukansu.

Mai gadin, magidanci da furfura a gemu, ya gane ni. Ɗan ƙawata ne. Ya miƙo mini wuƙa ya ce, "Inna, gabas da yamma kawai. A wurinki gyatumata ta koya."

Na mayar masa da wuƙar. Shi ya ɗibar mini. Yana cikin shafa laka na ce, "Ɗana, madacin ƙauyenmu ni na kashe shi. Ba mahaifinka ba ne."

Bai ɗago ba sai da ya gama. Ya ce ya ji, zai kai maganar gida.

Jikata ta tashi, tsakanin jiƙo da maganin asibitin Gaya. Bafulatanin ya daɗe da rasuwa, da laifina a kansa. Mai gadi yana dajinsa. Ƙawata tana raye, saƙona ya isa gare ta, amsa ba ta zo ba. Ni kuwa ga ni nan, duk sallamar da na ji sai gabana ya faɗi.