Ƙofar da na toshe a manhajarmu

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Tambuwal babu mai wayona, ni da abokina muka rubuta wa wani mai shagon maganin dabbobi manhajar kwamfuta. Aikinta kaɗan ne. Akwai taga guda a fuskar kwamfuta, a rubuta sunan makiyayi da allurar da aka yi wa shanunsa, sai ta buga masa kati mai ɗauke da ranar da zai dawo a yi ta biyu.

Ni na gina tagar, kuma na yi ta mai cin gashin kanta. Ita ke leƙa agogon kwamfuta ta ɗauko kwanan wata, ita ke kiran firinta. Abokina ya duba, ya girgiza kai, ya warware duka. Ya ce taga ba ta zuwa cefane, a miƙo mata mai ba da rana da mai buga kati daga waje lokacin da za a kunna ta, duk wanda aka miƙo ta yi aiki da shi. Wai sunan abin dependency injection.

Na ce, "To mi amfaninai? Abu na aiki lafiya lau."

Ya ce, "Wata rana za mu so canza agogon ba mu taɓa tagar ba."

Wannan "wata rana" ta tsaya mini a rai. Ni dai a sanina, mutum ba ya barin ƙofa a katanga sai yana da niyyar shigowa ta nan. Ana haka wani ɗan kabu-kabu mai babur ya tsegunta mini cewa sau biyu yana kai abokina tashar motar Kebbe, da kwamfutarsa a jaka. Shi kenan, na gama shari'a ni kaɗai: zai ɗauki tagata ya liƙa mata kayansa ya kai wa wani da sunansa. Ban tambaye shi ba. Na buɗe kwafin da muke aiki a kai tare, na mai da tagar tana leƙa agogon kwamfuta da kanta. Ko an miƙo mata wani mai ba da rana, ta karɓa ta ajiye gefe. Na rufe ina ta yaba wa kaina.

Bayan mako biyu ya zo yana murmushi. Ashe ƙanen mai shagon ne ya buɗe reshe a Kebbe, aikin kuma namu ne mu biyu, shiru ya yi don ba ya son faɗin abu kafin ya tabbata. Kwamfutar can tsohuwa ce, da an ɗauke wuta agogonta ya koma shekarun baya. Shi ya sa ya rubuta wani mai ba da rana da ke tambayar mai shago kwanan wata kowace safiya. Har ya ɗauki sabon kwafinmu ya sa musu, ranar agogon yana daidai, komai ya tafi sumul.

Da na yi magana a nan, da an huta. Amma kunya ta sa na taya shi murna kawai.

Ranar kasuwa muka je Kebbe. Muka tarar da mai shagon can ransa a ɓace, ga wani dattijo makiyayi riƙe da kati. Katin ya ce ya dawo a wata shekara da ta daɗe da wucewa. Dattijon ya ce gobe za su tashi da shanu, maruƙansa kuma allura guda suka samu, bai san yaushe ne ta biyun ba.

Mai shagon ya dubi abokina ya ce, "Malam, kullum da safe sai na ba ta kwanan wata. Kai kac ce in yarda da kai."

Abokina ya buɗe manhajar. Bai yi minti biyu ba ya iso wurin da na taɓa. Ya daɗe yana kallonsa, bai waiwayo ni ba. Sai ya ce, "Kuskurenmu na, Alhaji, ku yi haƙuri." Ya goge layin da na sa, ya kunna, kati ya fito daidai. Ya ƙirga wa dattijon da yatsu, kasuwa uku nan gaba. Sauran katunan da aka riga aka bayar, sai da muka wuni muna bin rugage a kan babur muna canzawa.

A hanyar dawowa na fara kame-kame. Ya ce, "Da ka tambaye ni, ai da na gaya maka." Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har yau.

Yanzu ni ma haka nake gina tagogina, komai daga waje nake miƙa musu, har ina koya wa wasu. Muna nan tare da abokina, muna aiki, muna dariya. Amma tun daga ranar, duk abin da na rubuta sai ya karanta shi layi-layi kafin ya kai wa mutane. Da can ba ya yi. Ban taɓa ce masa ya daina ba, don ni na koya masa.